Takardar Burtalin da Na Hana Shan Iska

Ku samarin da kuka buɗe shagunan kwamfuta a layinmu, ina jin ku sarai. Kun ce aikin Baba Idi ba aiki ba ne, wai a karkaɗe tsohuwar takarda a ɗinka mata fata, shi ke nan. Jiya ma ɗayanku ya leƙo ya tarar da ni ina share wata warƙar takarda da gashin zabo, ya ce, "Baba, ka kawo mu manne maka ita a leda mana. Minti biyar an gama, har jikokin jikoki." Ban tanka masa ba, don mai share funfuna ba ya buɗe baki in ba so yake ya haɗiye ta ba. Yanzu hannuna ya sauka, ga amsarsa, kuma tana da ɗan tsawo.

Ni baduku ne, amma ba na takalmi ba. Aikina tadarishi da gafaka. Tadarishi shi ne bangon fatar da ake rungume littafin rubutun hannu da shi, tunda littattafan kakanninmu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne. Gafaka kuwa jakar da ake zura shi a ciki a rataye. Wanda ya haura shekara arba'in yana yi wa takarda riga, ko bai so ba sai ya san cututtukanta, kuma a ƙarshe jinyar ta fi ɗinkin cin lokacina.

Aikin farko da maigidana Baba Ilu ya ba ni a nan Gumel ba ɗinki ba ne, sunsuna ne. Ya jera gafaka uku a tabarma ya ce in faɗa masa wadda ba ta da lafiya ba tare da na buɗe ba. Na zaɓi wadda ta fi yagewa. Ya ƙwanƙwashe ni a ka da gindin basilla, ya ɗauko wadda ta fi kyau a cikinsu ya kara mini a hanci. Wari ne kamar na tuwon da aka manta a rufe kwana uku. Ya ce gara in ta zo tana barin ƙasa, asu yana barin huji, ɓera kuwa har shaida yake ajiyewa, amma funfuna ba ta sallama. Tana farawa fari-fari kamar auduga, ta koma kore, daga nan ta yi baƙi, kuma baƙin ko an kashe ta ba ya tashi. Tana cin takardar, tana cin ƙaron da ke cikin tawada, tana cin fatar. Wata shida na yi ina sunsune-sunsune kafin ya bar ni in taɓa aska.

Yana da wata magana da yake maimaitawa har na gaji da ita: "Takarda ba ta son rana, ba ta son ruwa, kuma ba ta son kaɗaici." Biyun farko na gane su da wuri, don masu kawo aiki sun koya mini. Akwai wata baiwar Allah daga Gagarawa da ta ga Alƙur'anin mahaifinta ya yi danshi, ta shanya shi a kan rufin kwano da tsakar rana. Da ta kawo mana, warƙoƙin sun nannaɗe, kana taɓawa suna karyewa. Akwai kuma malamin da ya shafe tadarishinsa da man shanu don ya yi laushi, bai san walima ya shirya wa funfuna ba. Amma ta ukun, maganar kaɗaici, na ɗauke ta surutun tsofaffi. Duk kaka, in iska ta bushe, Baba Ilu kan sa mu baza littattafan mutane a inuwa, mu juya su warƙa bayan warƙa, mu sa busasshen ganyen darbejiya mu mayar. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne.

Bayan rasuwarsa aka kira ni wani gida a Sule Tankarkar inda rufin ɗaki ya yi yoyo a kan adakar littattafai. Duk sun ruɓe, sai guda ɗaya da wani ya naɗe a ledar sukari, ya fito garau kamar ba a yi ruwa ba. A nan hikima ta kama ni. Na dawo gida ina ganin na gano abin da maigidana ya mutu bai sani ba. Na sayi leda mai kauri. In aka kawo takarda sai in gyara ta, in zura ta a ciki, in liƙe bakin da wutar kyandir, in sa a tadarishi, sannan in ɗinke bakin gafakar ruf kamar laya. Ina gaya wa masu ita cewa ba gara, ba ruwa, ba hannun yara. Suna kuwa ya tafi, har daga tsallaken iyaka ake kawo mini. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, shin mutane yaushe suke tunawa da tsofaffin takardunsu? Da damina ne, in sun ga bango ya jiƙe. Wato galibin abin da na rufe, da danshinsa na rufe shi.

Da tsakiyar marka Ardo Manu ya zo. Dogon Bafulatani ne, dattijo, daga wata ruga da ke kusa da wani ƙauye a yankin Ɗanzomo, ba sai na faɗi sunan ƙauyen ba. Ruwa ya dake shi a hanya. Ya zaro wata tsohuwar gafaka daga ƙarƙashin rigarsa, a ciki warƙa uku ce kacal, gefunansu sun yi baƙi sun cinye saboda hannu.

Na ce, "Ardo, wannan kuma wane littafi ne mai warƙa uku?"

Ya ce, "Malam Idi, wannan ita ce hanyar shanunmu."

Yarjejeniya ce da kakanninsu da kakannin manoman ƙauyen suka rubuta a kan burtalin da ke bi tsakanin gonaki zuwa tafki. Ba da taki aka auna faɗinsa ba, da igiyar rijiyar gari aka auna, kuma kun san rijiyoyin ƙasar nan da zurfi. Ya ba ni labarin al'adarsu. Duk shekara in an gama girbi, sai a haɗu a gindin wata tsamiya, Fulani da manoma. Liman ya karanta takardar da ƙarfi, ta zaga hannu-hannu kowa ya taɓa, sannan a kwance igiyar guga a je a sake auna burtalin. Wanda gonarsa ta ci ya ja da baya, ana dariya ana tsokanar juna, matan ruga su kawo fura da nono. Abin da ya kawo shi kawai sabon tadarishi ne da ɗan gyaran gefe.

Na juya warƙoƙin na ce, "Ardo, hannu ne ke kashe takardar nan. In kuka ci gaba da zagayawa da ita haka, jikanka ba zai same ta ba. Bari in rufe maka ita rufin da ba a buɗewa."

Ya ce, "To karatun kaka fa?"

Na ce, "Abin da kowa ya haddace, me ya sa za a riƙa wahalar da takarda a kansa? Ku auna abinku, ita kuma ta huta. Ranar da ake buƙatarta, tana nan sabuwa."

Yini guda ta yi a hannuna. Na liƙe yagewar gefe da ƙaro, na daidaita kusurwa. Da na ɗaga ta na ji ta da sanyi, ta yi laushi kamar ganyen da ya sha raɓa. Hannuna ya faɗa mini, wallahi ya faɗa mini. Da Baba Ilu ne, sai ta kwana bakwai a inuwa. Amma Ardo yana son komawa kafin hadarin yamma, ni kuma ina son ya ga gwanintata. Na kunna kyandir na liƙe. Ya karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka.

Shekara goma sha bakwai ban sake jin labarinta ba.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa, wadda katangu suka riƙa zubewa a unguwanninmu. Wani limami ya kawo mini littafin da na ɗinke masa tun da daɗewa, ya ce ɗakinsa ya faɗi, yana son ya tabbata. Na farke ina murmushi, ina jiran yabo. Kafin aska ta gama ratsa ledar warin ya buge ni, warin nan na tabarmar Baba Ilu. Ruwan shekarar bai shiga ba ko ɗigo. Danshin da na kulle da hannuna ne ya yi ta gumi a ciki, zafi ya zo ya tashi, sanyi ya zo ya kwanta, funfuna tana ci a ɓoye ba mai damunta. A wata guda na farke guda tara. Waɗanda na rufe da rani sun tsira. Na damina kuwa, garin gyaran gira na rasa ido. Tun daga lokacin zama ya gagare ni. In na ɗauki basilla sai in ajiye, ina lissafin fuskoki, wa da wa na rufe wa, daga wane gari, da wane yanayi. Na tuna Ardo Manu da jiƙaƙƙiyar rigarsa. Na ce gobe zan je, gobe ta zama jibi. Ba hanya ce ta hana ni ba, kunya ce.

Bayan girbi ɗansa Yero ya zo da kansa, magidanci mai 'ya'ya, da gafakar a rataye a kafaɗa. Ardo ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ya ce shekarar farko bayan rufin an taru an auna ba karatu. Ta biyu mutane kaɗan suka zo. Taron da ba abin da za a buɗe a cikinsa ba ya daɗewa, sai aka bari. Gonaki suka riƙa matsowa cikin burtalin, kunyar noma ɗaya-ɗaya, ba don mugunta ba, bakuna ne suka ƙaru ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Bana shanunsa sun faɗa gonar wake har an zare sanduna. Dagaci ya sa ranar zama nan da kwana takwas, ya ce a zo da takarda. In burtalin bai koma yadda yake ba, garkensa ba zai iya kaiwa tafki ba, dole ya tashi daga inda aka binne mahaifinsa.

Ya ce, "Baba, marigayi ya bar wasiyya. Ya ce kai ka ɗinke, kai za ka farke."

Na ce masa ya matsa baya, na ɗaure hancina da ƙyalle.

Warƙa ukun sun zama ɗaya, sun manne kamar waina, samansu kore da baƙi. To ku masu minti biyar, ga yadda ake yi. Ba a ja, ba a hurawa, ba a kai ta rana. Kwana biyu ta yi a inuwar zaure inda iska ke ratsawa, har funfunar ta bushe ta zama gari. Sannan na share da gashin zabo, daga tsakiya zuwa gefe, a hankali. Na feƙe sillen kara ya fi aska siranta, na nemi kusurwar da ta ɗan buɗe baki, na riƙa shiga da shi faɗin ƙwayar gero, in tsaya, in saurara. Takarda tana da ƙarar da take yi in za ta rabu lafiya, tana da wadda take yi in za ta yage, kuma kunne ne ke rarrabewa. Inda funfunar ke da sauran rai na ɗiga mata sifirit na asibiti da auduga, ina kauce wa rubutu. Inda tawada ta narke ta koma kan warƙar da ke fuskantarta a juye, na sa madubi na karanta. Kwana shida ina wannan, Yero yana zaune a bakin ƙofa, in na ɗaga kai sai in ga idonsa a kan hannuna.

Warƙar farko ta fita, da bisimilla da sunayen kakanni. Ta uku ta fita, da sunayen shaidu, dukansu sun daɗe a ƙasa. Ta tsakiya ma ta fita, ana karanta ta tiryan-tiryan: burtali ya tashi daga tsamiya ya nufi tafki, faɗinsa tsawon igiyar rijiyar gari sau... Daga nan sai huji, girman babban yatsana, gefensa baƙi. Na kawo madubi na duba warƙar da ke fuskantarsa, nan ma ta cinye. Duk takardar, a nan danshin ya taru.

Yero ya daɗe yana kallon hujin. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Baba, uku ne. Wallahi uku ne, da hannuna na ja igiyar ina saurayi. Kana da tawada, kana da tsohuwar takarda. Ka toshe ka rubuta, wa zai sani?"

Zan faɗa muku gaskiya, na so in yi. Na iya, kuma na yarda da shi. Amma ni ban ga kalmar ba, kuma baduku ba ya ƙara wa takarda ko ɗigo, in ya ƙara sau ɗaya duk abin da ya taɓa gyarawa ya zama abin zargi. Na ce, "Yero, sau ɗaya na yanke wa takardar nan hukunci da ra'ayina, ga inda ya kai mu. Ba zan ƙara ba." Ya dai kau da kai.

Na bi shi zaman. A ƙofar gidan dagaci aka yi, liman ya karanta har ya iso hujin ya tsaya. Yero ya ce uku. Malam Sabo, mai gonar waken, ya ce shi dai tun tasowarsa igiya ɗaya ya sani, kuma ban ce ƙarya yake yi da gangan ba, kowa gonarsa ce ke tuna masa. Dattawan da suka taɓa riƙe igiyar, wasu sun rasu, waɗanda suka rage kuma 'ya'yansu ne ke noma gefen burtalin, sai suka sunkuyar da kai. Dagaci ya juyo gare ni.

Ya ce, "Malam Idi, an ce kai ne na ƙarshe da ya ga takardar nan da lafiyarta. Me aka rubuta a wurin?"

Yini guda cur ta yi a hannuna. Har yau zan iya zana muku kowace yagewa da ke gefenta. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Gefenta na duba, ban duba cikinta ba. Kuma ba ruwan sama ne ya ci ta ba, ni ne na kulle ta da danshi, ni ne kuma na ce a daina karantawa."

Dagaci ya ce ba zai tashi gonar kowa a kan huji ba, kowa ya tsaya inda yake. Ban ga laifinsa ba. Inda kowa yake kuwa igiya ɗaya ce, ita ma da ƙyar.

Da rani na haɗu da Yero a kasuwar Maigatari, na je sayen fata. Ya riga ya tashi da iyalinsa, garken ya tsallaka ƙasar Damagaram. Na so in ɓuya a cikin mutane, ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni har ƙasa, ya tambayi iyali. Sannan ya cire gafakar daga kafaɗarsa ya miƙo mini, ya ce inda za su ba su da burtalin da za su nuna wa takarda, gara ta zauna wurin wanda ya san jinyarta.

Na ce, "Yero, ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Baba, ai ba komai, haka Allah ya so. Marigayi har ya koma ga Allah yana yabonka. Kullum cewa yake, ku kwantar da hankalinku, Malam Idi ya ba mu takardar da ba za ta tsufa ba."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ita ce gafakar da kuke gani a rataye a bayana, bakinta a buɗe. Duk kaka nakan sauke ta in baza warƙoƙin a inuwa, in karanta da ƙarfi ni kaɗai, in zo hujin in tsaya. Yanzu duk takardar da ta shigo hannuna sai na karanta ta daga farko har ƙarshe kafin in duba gefenta, kuma ba na mayar wa mai ita sai ya yi mini alkawarin zai riƙa buɗewa a gaban 'ya'yansa. Ku ɗauki hotonta da wayoyinku, wannan ban hana ba, da an yi wa ta Ardo haka da ba mu kai nan ba. Amma kada wanda ya sake ambata mini leda.

Waɗanda na ɗinke a shekarun nan ban san adadinsu ba, ban rubuta ba. Ina dai bin su gida-gida a kan babur, in sallama, in ce ni ne wanda ya rufe, na zo in buɗe. Wasu su yi mini godiya, wasu su ce ai tsohonsu ya ce kada a taɓa, sai na yi ta roƙo ina warware maganar da ni na ɗaura. Shekaranjiya aka ce mini akwai guda a wani gida a Gagarawa Tasha, ɗinkina ne, jar fata, ba a taɓa farke ta ba. Tun da na fara rubutun nan sau uku ina tashi ina duba gabas, kuma hadari na haɗuwa. Wanda babur ɗinsa ya tare mini ƙofa ya zo ya janye.